Addinin Kirista A Bakin Bahaushe: Daga Dorugu Zuwa Wusasa Da Kwarhi

CIKIN shekarar 1932 ne aka fara buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Kirista da harshen Hausa, watau Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari a haɗe cikin kundi guda. A wancan zamani Hausawan da su ke bin addinin Kirista ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, sanannun cikinsu kuwa suna zaune ne a Wusasa, bayan ganuwar birnin Zariya. Wanda ya dubi yawansu a lokacin zai ce an yi wa ƙaramin gida babban zaure. Amma littafin bai tsaya a hannunsu ba. Ya bi masu bishara ya hau duwatsun Filato, ya shiga kudancin Zariya da Bauci da Adamawa da kudancin Barno, ya ƙetare iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Yau miliyoyin Kirista, waɗanda akasarinsu ba Hausawa ba ne, da Hausa su ke addu'a, da ita su ke waƙa a majami'a, da ita a ke ɗaura musu aure, da ita kuma a ke yi musu jana'iza.

Wannan al'amari ya wuce tarihin littafi kawai. Duk wanda zai bauta wa Allah da kalmomi zai bauta masa, kalmomi kuwa ba su zuwa hannu rabbana. Kowace tana tafe da kayan da ta ɗauko daga kasuwa da fada da makarantar allo. Kirista mai jin Hausa yana kiran Mahaliccinsa da sunan da maƙwabcinsa Musulmi ya ke kiransa, yana cewa zunubi da tuba da gafara da lahira kamar yadda maƙwabcin ya ke faɗa, alhali kuwa a kan waɗansu manyan batutuwa imaninsu ya yi hannun riga. Yadda za a zauna da wannan kusanci da wannan nisa a lokaci guda, shi ne aikin da ke gaban mai bi a Arewa tun zamanin Turawa har ya zuwa yau.

Yaron Damagaram

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya fara juya sassan Linjila zuwa Hausa bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Sunansa James Frederick Schön, Bajamushe ne mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS. Ya biyo ayarin da Ingila ta aiko kogin Kwara cikin 1841, tare da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga bisani ya zama bishop baƙar fata na farko a cocin Angilikan. Ayarin bai yi nasara ba, zazzaɓi ya kashe Turawa da dama, amma Schön ya koma da sha'awar Hausa wadda ba ta rabu da shi ba har mutuwarsa.

Sa'arsa ta zo ne cikin 1855, sa'ad da matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya koma Turai tare da waɗansu samari biyu da aka 'yanta daga bauta, Abbega da Dorugu. Abbega Bamargi ne, Dorugu kuwa Bahaushe ne daga yankin Damagaram. Schön ya zaunar da Dorugu a gidansa, yana tambaya yaron yana amsawa, yana ba da labari shi kuwa yana rubutawa. Daga wannan zama ne aka sami nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885 wanda ya ƙunshi tarihin rayuwar Dorugu daga bakinsa, da kuma fassarar littattafan Sabon Alkawari. Ashe ke nan Hausar da aka fara rubuta Linjila da ita, Hausar yaron da aka kama yana ƙarami aka sayar ce. Littattafan suna ɗauke da sunan Schön, amma harshen na Dorugu ne, wanda ya komo gida ya rasu a Kano cikin 1912.

Likita Miller Da Isawa

Fassarar Schön ba ta sami masu karatu ba, domin babu jama'ar da za ta karanta ta. Wanda ya haɗa littafi da jama'a shi ne Likita Walter Miller. Shi dai ya fara koyon Hausa ne a Tarabulus, wajen alhazai da fataken da su ke bi ta can. Cikin 1900 ya shigo ƙasar Hausa a ayarin Bishop Tugwell, suka kai har Kano, amma Sarkin Kano Alu ya ba su 'yan kwanaki su fice masa daga gari. Suka koma Girku suka yada zango, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. Sai cikin 1905 Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, saboda haka Razdanoni ba su maraba da 'yan mishan a ƙasashen sarakuna. Shi kuma Miller mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ɓoye ra'ayinsa a kan mulkin sarakuna, dangantakarsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi kuwa ba ta yi daɗi ba. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka karɓi baftisma ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba.

Cikin 1913 sai ga waɗansu mutane sun zo wurinsa da kansu, ba shi ya neme su ba. Su ne a ke kira Isawa. Masu tarihi sun ruwaito cewa asalinsu almajiran wani malami ne na Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, alaihissalamu, ya kai shi ga ba shi matsayin da sauran malamai ba su yarda da shi ba. Aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867, almajiransa suka watsu zuwa Ningi da ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. 'Ya'yansu da jikokinsu ne waɗansu daga ciki suka karɓi koyarwar Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen ya yi musu ɓarna mai yawa, aka kwaso waɗanda suka rage, musamman yara, aka kawo su Zariya. Cikin 1929 aka tashi mishan daga cikin birni aka mai da shi Wusasa, aka gina majami'ar Bartalamawas da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, aka kafa asibiti da makaranta. Miller ya ci gaba da aikin fassara tare da taimakon Hausawan da ke tare da shi da kuma 'yan mishan na sauran ƙungiyoyi, har aka kammala a 1932. Ya rasu a Bukuru cikin 1952.

Ƙauyen ƙarami ne, amma abin da ya haifa ba ƙarami ba ne. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, wanda kuma asibitin koyarwa na Kaduna ya ke ɗauke da sunansa. Daga nan aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama Ministan Harkokin Waje. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi, ɗan mai bishara Ba'angashe. Ɗaliban adabi kuwa sun san John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Duk wanda ya karanta littafin nan a makaranta ya karanta Hausar Kiristan Wusasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Harshen Majami'a

Tun da aka tsuke wa 'yan mishan hanya a birane, sai suka karkata zuwa ƙabilun da ba su musulunta ba. Ƙungiyar SIM, wadda mutanenta na farko suka iso cikin 1893, da SUM wadda ta fara aiki a Wase cikin 1904, da 'Yan'uwa waɗanda suka sauka Garkida cikin 1923, duka sun tarar da harsuna barkatai, kusan kowane dutse da nasa. Ba su da ma'aikatan da za su koyi kowanne, sai suka riƙi Hausa. Da ita aka koyar a makarantun Littafi Mai Tsarki irin ta Kagoro, da ita aka tsara littafin waƙoƙi, da ita aka sa wa coci suna. Shi ya sa har gobe a ke jin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya wadda aka kafa cikin 1955, da Zumuntar Mata, da Sabon Rai. A ƙasashen sarakuna kuwa ƙofar da ta fara buɗewa ita ce ta jinyar kutare, cikin shekarun 1930, a wurare irin su Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina. Daga baya Maguzawa da yawa a ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau suka shiga addinin.

Akwai abin dubawa a nan. Mutane da dama sun ɗauka Hausa da Musulunci tagwaye ne da ba su rabuwa, gaskiya ne kuwa cewa Musulunci ya ratsa harshen har ɓargo. Amma cikin ƙarni na ashirin, coci na ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da Hausa ta bi ta shiga ƙauyukan Filato da Adamawa, inda dakarun sarakuna suka kasa kai ta a ƙarnin da ya gabata.

Allah, Yesu, Da Ɗan Allah

Masu fassara ba su yi wata-wata ba wajen zaɓen sunan Allah, domin ba su tarar da wani suna ba a bakin jama'a. Bamaguje ma da Allah ya ke rantsuwa. Kiristocin Larabawa na Masar da Sham da Iraƙi da wannan suna su ke addu'a tun ƙarnoni masu yawa. Duk da haka a kan sami Kirista a Nijeriya, musamman tun da rigingimun addini suka yawaita, masu cewa a cire sunan daga Littafi Mai Tsarki a nemi wani. A ƙasar Malesiya kuwa daga ɗaya ɓangaren ƙorafin ya fito: cikin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da sunan, sa'an nan cikin 2021 wata babbar kotu ta yanke a wata shari'a dabam cewa Kirista suna da 'yancin amfani da shi. A Arewa dai yawancin malaman coci sun tsaya a kan cewa suna ba shi ke bayyana wanda a ke nufi ba, labarin da a ke bayarwa game da shi ne ke bayyanawa. Tsohuwar da ta yi shekara sittin tana cewa Allah a addu'arta, ba wani kwamiti da zai sauya mata baki.

Inda suka bi wata hanya dabam shi ne sunan Almasihu kansa. Ga sunan Isa a shirye, kowa ya san shi, amma suka zaɓi Yesu, wanda ya fi kusa da yadda a ke faɗarsa da harshen Girka. Dalilin a fili ya ke. Sunan Isa yana zuwa da labarinsa cikakke kamar yadda Alƙur'ani ya kawo shi: Annabi ne mai girma, ɗan Maryamu, wanda ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Imanin Kirista kuwa kacokan ya rataya ne a kan gicciye da tashi daga matattu. Fassarar 1932 ta ce Yesu Kristi, sabuwar fassarar da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta fitar wajen 1980 kuwa ta ce Yesu Almasihu, watau ta matso taki guda zuwa ga kalmar da kunnen Bahaushe ya saba da ita. Daga wannan kalma ce Hausawa da Fulani da Barebari Kirista suka ɗauko sunan da su ke kiran kansu, Masihiyawa.

Mafi nauyi duka ita ce kalmar Ɗan Allah. Ga Musulmi wannan magana ba ta da wurin zama ko kaɗan, Suratul Ikhlasi ta rufe ƙofarta. Kirista kuwa suna cewa ba haihuwa irin ta jiki su ke nufi ba, su ma suna ƙyamar wannan fahimta. Masu wa'azi su kan kawo misali da yadda Bahaushe ya ke cewa ɗan gari ko ɗan hanya, ba tare da gari ko hanya sun yi aure ba. Misalin yana kawar da rashin fahimta guda, amma malaman tauhidi na coci sun san bai kai ga inda koyarwarsu ta kai ba. Abin da majalisar bishop-bishop ta Nikiya ta tabbatar cikin shekara ta 325 shi ne, Ɗan da Uban zatinsu ɗaya ne, ba halittarsa aka yi ba. A nan ne addinan biyu suka rabu, kuma babu gwanintar fassara da za ta haɗa su. Mai gaskiya daga kowane ɓangare ya gwammace a faɗi haka a sarari da a yi ta rufa-rufa don neman a zauna lafiya na yini guda.

Ba laifi a tuna cewa manyan waɗanda suka tsara wannan koyarwa 'yan Afirka ne. Tartuliyan mutumin Kartaj ne a Tunisiya ta yau, Atanasiyus bishop ne na Iskandariya, Agustin kuwa na Hippo, inda garin Annaba na Aljeriya ya ke yanzu. Wani abin ban sha'awa kuma, da coci ta nemi sunan da za ta ba wannan fannin ilmi da Hausa, sai ta ɗauki kalmar tauhidi. Kwalejin da aka buɗe cikin 1959, wadda ke Bukuru, da takwarorinta na Jos da Kagoro, makarantun tauhidi a ke ce da su, masu koyar da Allah ɗaya cikin uku da kalmar da asalinta ke nufin kaɗaitawa.

Alheri Da Fansa

Waɗansu kalmomin kuwa ba daga makaranta suka fito ba, daga zaman duniya suka fito. Kalmar Girka da Manzo Bulus ya gina wasiƙunsa a kanta an fassara ta da alheri. Bahaushe ya san alheri sarai. Ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya kuma ce alheri gadon barci ne. Watau a wurinsa alheri shuka ne, wanda ya yi zai girba. Koyarwar Bulus kuwa ta kifar da wannan lissafi. A wurinsa alherin Allah kyauta ce ga wanda bai cancanta ba, ba lada ba ce ta aiki, ba kuma bashi ba ne da za a iya biya. Aikin kirki yana biyo baya ne a matsayin godiya. Fastocin karkara sun san cewa wannan ita ce koyarwar da ta fi wuyar zama a zuciya, domin mutum ya fi son ya ji cewa da guminsa ya samu.

Sai kuma fansa. A zamanin da Miller ya zo Zariya, babu wanda ke bukatar a yi masa bayanin wannan kalma. Bawa ya kan yi murgu ya tara kuɗi ya fanshi kansa, ko danginsa su biyo sawu su fanshe shi. Da aka ce wa irin waɗannan mutane Almasihu Mai Fansa ne, wanda ya biya abin da bawa ba zai iya biya wa kansa ba, sun gane nan take, watakila fiye da yadda Baturen da ke faɗa musu ya gane. Kalmar ta kwanta shekaru da yawa a cikin littafi, sai ga shi zamani ya sake tashe ta. Yau kuɗin fansa magana ce ta kullum a Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja. Iyayen ɗaliban makarantar Baptis ta Bethel da aka sace a Kaduna cikin Yulin 2021, su fiye da 120, sun san ma'anarta kamar yadda iyayen yaran Islamiyyar Tegina da aka sace cikin wannan shekara suka sani.

Har ila yau kalmar tana da fuska ta uku, ita ce ɗaukar fansa, watau ramuwa. Da baƙaƙe guda a ke rubuta abin da Kirista ya ce Almasihu ya yi masa, da abin da Almasihu ya hana shi yi wa wanda ya cuce shi.

Gwaji A Kwarhi

Babu cocin da wannan hani ya gwada kamar Ekklesiyar 'Yan'uwa. Tushenta wata ƙaramar jama'a ce da ta taso a Jamus cikin 1708, wadda ta ɗauki koyarwar Huɗuba a kan Dutse a zahirinta: ba ɗaukar makami, ba rama mugunta da mugunta. Har yanzu suna wanke wa juna ƙafa a lokacin Jibin Ubangiji. Ƙasar da cocin ta yi ƙarfi kuwa, watau kudancin Barno da arewacin Adamawa, ita ce ta zama filin dagar Boko Haram. Galibin 'yan matan Chibok 276 da aka sace cikin Afrilun 2014 'ya'yan wannan coci ne. Cikin Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka yi gudun hijira zuwa Jos. Cikin Janairun 2020 aka kashe ɗaya daga cikin limamanta, Rabaran Lawan Andimi na Michika, bayan an yi garkuwa da shi.

Cocin ba ta sauya koyarwarta ba, amma ƙarya ne a ce ba a yi gardama ba. Matasa sun tambayi dattawa ko juya ɗaya kuncin yana nufin mutum ya tsaya a yanka iyalinsa yana kallo. A sauran coci-coci ma tambayar ke nan tun rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na Kaduna na 2000, da na Jos na 2001. Waɗansu malamai suna rarrabe tsakanin kare kai, wanda su ke ganin halal ne, da ramuwar gayya, wadda ba su ga hujjarta ba. Wahalar ita ce, a daren da gari ya rikice, layin da ke tsakanin biyun ba ya ganuwa, kuma sau da yawa wanda a ke hucewa a kansa matafiyi ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tarihin rigingimun nan ya nuna cewa an zubar da jinin marasa laifi ta kowane ɓangare.

Fasto James Wuye na Kaduna ya san wannan da jikinsa. Yana cikin jagororin matasan Kirista masu faɗa, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa, wanda ke ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Cikin 1995 aka haɗa su, daga bisani suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai, wadda ta taimaka aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna cikin 2002. Ba wanda ya bar addininsa a cikinsu, ba wanda ya rage wani abu daga aƙidarsa. Kowannensu ya ce a cikin littafinsa ya sami dalilin ajiye makami. Haka kuma cikin Yunin 2018, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su.

Mai Bi A Ofis

Ba kullum ne gwajin ya ke zuwa da bindiga ba. Ga ma'aikacin gwamnati ya fi zuwa cikin ambulan. Linjilar Luka ta kawo labarin masu karɓar haraji da sojoji da suka je wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Bai ce su bar aikinsu ba. Ya umarci masu haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su ƙoshi da albashinsu. Shekara dubu biyu ke nan, amma kamar da akawun wata ma'aikata ya ke magana. Manyan jami'ai da yawa da Littafi Mai Tsarki ko Alƙur'ani a hannu su ke rantsuwar kama aiki. Da rantsuwar tana aiki yadda ya kamata, da hukumomin yaƙi da cin hanci sun rasa abin yi.

Marigayi Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, ya hango wani ɓangare na wannan matsala. An haife shi cikin 1936, ya zama Babban Sakataren ECWA cikin 1967, daga baya ya riƙe irin wannan muƙami a ƙungiyar coci-cocin bishara ta Afirka baki ɗaya, kafin ruwa ya ci shi a gaɓar teku kusa da Mombasa cikin Disamban 1975. Ra'ayinsa shi ne, a bar Kiristan Afirka ya yi sujada da harshensa da kiɗansa da tufafinsa, amma Littafi Mai Tsarki ne zai yi wa al'ada hukunci, ba al'ada ce za ta yi masa ba. Waɗansu masana, irin su Kwame Bediako na Ghana, sun ga ya tsananta wa addinin gargajiya fiye da kima. Amma al'adar da ta fi yi wa coci barazana bayan rasuwarsa ba ta tsafi ba ce, ta son kuɗi ce. Wa'azin arziki, mai cewa wanda ya ba da baiko mai tsoka zai sami ƙarin girma da mota da gida, ya cika birane. Irin wannan wa'azi ya mai da alheri ciniki, ya kuma bar gwauruwar da ke sansanin gudun hijira da tambayar ko ƙarancin bangaskiyarta ne ya jawo mata.

Wajen nan Zumuntar Mata ta fi manyan masu wa'azi riƙe tsohuwar hanya. Su ne da zanensu iri ɗaya da tulunsu na kiɗa, su ke zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa, su tara hatsi su kai wa marayu, su zauna da mai jinya a asibiti. Yawancin waƙoƙinsu su suka tsara abinsu da Hausa, kuma ta bakinsu ne labaran Littafi Mai Tsarki suka isa ga mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Ita kanta Hausar coci yanzu tana tsakanin matsi biyu. A birane irin su Kaduna da Jos da Abuja, majami'u da yawa sun raba sujada gida biyu, ta Ingilishi da ta Hausa, matasa sun fi cika ta farko, dattawa ta biyu. A ƙauyuka kuwa ƙabilu da dama suna neman a ba su Littafi Mai Tsarki da harshen iyayensu, suna ganin Hausa ta danne musu nasu, kuma cibiyar fassara da ke Jos ta daɗe tana wannan aiki da harsuna masu yawa. Wanda ba shi da wani harshen da zai koma shi ne Bahaushe Kirista na Wusasa ko Malumfashi ko Tsibiri ta ƙasar Maraɗi. A garinsu a kan tambaye shi yadda aka yi Bahaushe ya zama Kirista, idan kuma ya je Kudu a kan dubi hularsa da sunansa a yi shakkar ko Kiristan ne da gaske. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi 'yancin addininsa, amma ƙungiyar Masihiyawa ta daɗe tana kuka a kan wahalar samun filin gina majami'a, da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da malaman koyar da addinin Kirista a makarantun gwamnati na waɗansu jihohi. Cocin Angilikan ta mai da Wusasa mazaunin bishop cikin 1997, shekara 68 bayan an tashi mishan daga cikin birnin Zariya.